KADA A BAR UWA A BAKIN ƘOFA: JINYA TA HANYAR ZANE DA IYALAN DA MASIFA TA TAƁA

Duk wanda ya saba ganin hotunan da ƙungiyoyin agaji kan ɗauko daga sansanonin 'yan gudun hijira, ba zai rasa sanin wannan hoto ba: yara ne zaune a kan tabarma cikin wata rumfa, kowanne da takarda da fensir mai launi a hannu, ga wata ma'aikaciya tsaye a kansu tana murmushi. Hoto ne mai daɗin kallo, kuma ba na raina aikin da ake yi a cikin wannan rumfa. To amma ina so mai karatu ya sake duba hoton da kyau, ya tambayi kansa, ina iyayen yaran nan? Uwa dai ko tana layin karɓar abinci, ko ta tafi neman itace, ko kuwa tana zaune a bakin ƙofar rumfar tana jiran a tashi. A nawa ra'ayin, barin uwar nan a waje babban kuskure ne, domin yaron sa'a ɗaya ko biyu zai yi a rumfa, sauran sa'o'i ashirin da wani abu kuwa a hannunta zai yi su, alhali ita ma abin da ya ci shi bai bar ta ba.

Kafin mu yi nisa, yana da kyau a san abin da ake nufi da jinya ta hanyar zane, domin wani zai iya ɗauka darasin zane ne irin na makarantar firamare. Wani mai zane ɗan ƙasar Ingila, Adrian Hill, shi ne ya raɗa wa abin suna a shekarar 1942, bayan da ya yi doguwar jinyar tarin fuka a asibiti, ya lura cewa zane yana rage masa ƙunci, shi da sauran majinyata. A Amurka kuma Margaret Naumburg da Edith Kramer suka ɗora abin a kan ilimin halayyar ɗan Adam. Ita Kramer ta yi karatu ne a wajen Friedl Dicker-Brandeis, matar da ta riƙa koyar da yaran Yahudawa zane a sansanin Terezin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kafin a kashe ta a shekarar 1944, kuma har yau zanen yaran nan sama da 4,000 suna ajiye a birnin Prague. Ke nan tun asali wannan fanni a cikin cuta da yaƙi ya girma. Ingila ta kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a 1964, Amurka kuma a 1969. Manufar a taƙaice ita ce, abin da baki ya kasa furtawa, sau da yawa hannu yakan fitar da shi, kuma ba a duba kyawun zanen ko muninsa.

Cewa yara suna magana da zane ba abin musu ba ne. A shekarar 2005 wasu ma'aikatan ƙungiyar Human Rights Watch sun je sansanonin mutanen Darfur da ke gabashin ƙasar Cadi don su yi hira da manya, sai suka ba yara takarda da fensir don kada su dame su. Ba wanda ya gaya musu abin da za su zana, amma sai ga jiragen sama suna sako bama-bamai, ga mutane a kan dawaki da raƙuma da bindigogi, ga bukkoki suna ci da wuta. Yaran da ake ganin ba su san komai ba, ashe sun haddace komai.

Amma maganata a yau ta wuce yaro shi kaɗai. Akwai wani reshe na wannan jinya da ake haɗa uwa ko uba da ɗansu a kan takarda ɗaya, kuma wanda ake yi wa magani a nan ba uwar ba ce, ba kuma ɗan ba ne, zumuncin da ke tsakaninsu ne. Tushen wannan tunani yana komawa ga John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 kan yaran da yaƙi ya raba da iyayensu, inda ya nuna cewa shaƙuwar yaro da mai renonsa buƙata ce kamar ci da sha. Abin da ɗalibai da dama ba su sani ba shi ne, hujjojin farko na wannan ra'i a Afirka aka samo su. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta zauna a Yuganda a shekarun 1954 da 1955, tana bin iyalai 26 a ƙauyukan da ke kewayen Kamfala gida-gida, tana kallon yadda jarirai ke rarrafe su yi nisa, su waiwayo su ga uwa tana nan, sannan su ƙara gaba. Ta lura cewa yaron da ya amince uwarsa za ta amsa idan ya yi kira, shi ne ya fi sakin jiki ya yi wasa. Saboda haka wanda zai ce wannan bidi'ar Turawa ce, sai ya tuna cewa a tsakar gidan mutanen Afirka aka fara ganin ta.

To me masifa take yi wa wannan shaƙuwa? Matar da aka kashe mijinta a gabanta, ko wadda ta yi tafiyar kwanaki a daji da goyo, ko wadda aka saka da 'ya'ya huɗu ba sisi, sau da yawa jikinta yana nan amma hankalinta ba ya nan. Ɗa zai yi mata gwaranci ba ta ji ba, zai jawo zaninta ta daka masa tsawa. Shi kuma yaron da ya firgita, sai ya koma fitsarin kwance, ko yawan kuka, ko faɗa da 'yan'uwansa, ko ya yi shiru kamar an ɗinke masa baki. Uwa ta ga ya zama fitinanne ta ƙara duka, shi kuma ya ƙara janyewa. Ba wai ba ta son sa ba ne. Ciwo ne ya shiga tsakaninsu, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ba tare da ya sani ba.

Yadda ake gudanar da zaman bai da wata wahala a ido. Akan shimfiɗa babbar takarda a ƙasa, a kawo fenti wanda ko yaro ya kai baki ba zai cutar da shi ba, a zaunar da uwa da ɗa. Ƙa'ida ta farko, kuma wadda ta fi wuya ga iyaye, ita ce yaro ne ke ja, uwa tana bi. Idan ya shafa shuɗi, ba za ta ce masa ai ba haka ake yi ba, sai dai ta ɗauki wani launin ta sa kusa da nasa ta ga yadda zai yi. Likitan yara Donald Winnicott yana da wani wasa da ya yi suna da shi a asibitinsa na Landan, inda zai ja wani layi marar kan gado a takarda ya ce wa yaro ya mayar da shi wani abu, sannan yaron ya ja nasa shi ma likita ya ƙarasa. Irin wannan ba-ni-in-ba-ka ake so ya dawo tsakanin uwa da ɗa. Shi kuwa mai jinyar yana gefe yana lura: wa ya fara, wa ya ƙwace buroshi, yaron ya ɗago kai ya dubi uwarsa ko bai duba ba, in ya duba ta gani ko hankalinta yana wani wuri. Aikinsa shi ne ya riƙa yi mata hannunka-mai-sanda cikin hikima, kamar ya ce, "Kin ga fa ke yake nuna wa." Wannan 'yar magana tana da nauyi ga macen da ta daɗe tana ganin ta gaza. Lucille Proulx a ƙasar Kanada ta rubuta littafi sukutum a kan wannan hanya a farkon shekarun 2000, sannan a Jami'ar Dundee ta Sikotilan akwai wani shiri da ke tara iyayen da ke fama da ƙuncin zuciya bayan haihuwa tare da jariransu, mako-mako, kuma masu binciken sun ba da rahoton cewa iyayen sun samu sauƙi, shaƙuwarsu da yaran ta ƙaru. Gaskiya ne yawancin irin waɗannan bincike a kan mutane ƙalilan aka yi su, don haka kada wani ya tallata abin kamar maganin a-sha-yanzu-magani-yanzu. Amma hanya ce mai arha, kuma haɗarinta kaɗan ne idan tana hannun wanda ya iya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa nake ganin al'ummar Hausawa ta fi wasu buƙatar wannan hanya. Sanin kowa ne cewa a al'adarmu akwai alkunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ma ko shayar da shi sai an matsa mata. Mary Smith ta kawo bayanin wannan dalla-dalla daga bakin Baba ta Karo a littafinta na 1954, kuma duk da cewa abin ya yi sauƙi a birane, a karkara yana nan da ƙarfinsa. Ko ba ɗan fari ba, ba mu saba uba ya zaunar da ɗansa ya tambaye shi me ke damun zuciyarsa ba. Wasu 'yan boko sukan yi saurin cewa wannan rashin ƙauna ne. Ni ban yarda ba. Al'adar ta yi wa kanta tanadi, domin a babban gida abin da uwa ta hana don kunya, kaka tana bayarwa ninki biyu. Ita ce mai tatsuniya da dare, ita ce mai ba'a da jika tana kiran sa mijinta, ɗakinta ne mafakar yaro idan ya yi laifi. Ga goggo, ga inna, ga kawu, ga kishiyar uwa wadda sau da yawa ita ke riƙon ɗan farin. An rarraba aikin reno ne a kan mutane da yawa, uwa ta ɗauki kasonta kawai.

To yau rikicin Boko Haram da ya faro a 2009 ya raba mutane sama da miliyan biyu da gidajensu a Arewa maso Gabas, 'yan bindiga kuma sun tarwatsa ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato, har dubbai suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar tun daga 2019. Babban gidan nan ya watse. Kaka ta rasu a hanya ko ta ƙi barin ƙauye, goggo tana wani sansanin, kawu ba a san inda yake ba. An bar yarinya 'yar shekara ashirin da ɗanta na fari a cikin tanti ɗaya, ga alkunya ta biyo ta, amma mutanen da ke cike giɓin alkunyar ba su biyo ta ba. Haka abin yake ga matan da suka gangaro kudu, suke zaune a ɗaki ɗaya a Agege ko Sabon Ibadan, ko suke bara da 'ya'yansu a kan gadojin Legas. Idan ka ce wa irin wannan mata ta zauna ta dubi ɗanta ido cikin ido ta gaya masa tana ƙaunarsa, kamar yadda littattafan Turawa kan ba da shawara, ka ɗora mata abin da ba za ta iya ba, wataƙila ma ta ga ka raina mata tarbiyya. Amma ka ajiye musu curin yumɓu a tsakani ka ce su gina tukunya tare. Idonta yana kan yumɓu, nasa ma haka, kafaɗa tana gugar kafaɗa, hannunta yana kan nasa tana gyara masa bakin tukunya. Ba ta kira sunansa ba, ba ta karya wata al'ada ba, amma yaron ya ji ɗumin uwarsa. A ganina wannan shi ne babban amfanin aikin hannu a wajenmu, kuma ban ga wata hanyar jinya da ta dace da mai alkunya kamarsa ba.

Kuma ba sai an jira kwalin fenti daga Turai ba. Mu da muka tashi muna tuwon ƙasa, muna gina shanu da laka, muna ƙera mota da karan dawa, muna yi wa 'yar tsana kitso? Akwai gawayi, akwai farar ƙasa da jar ƙasa, akwai shuni, akwai takardar buhun siminti. Akwai lalle, wanda uwa ba za ta iya sa wa 'yarta ba sai ta riƙe hannunta na tsawon lokaci, kuma me zai hana a juya, 'yar ta zana wa uwar? Akwai saƙar faifai da ɗinkin hula. Hasali ma kayan gida sun fi, domin matar da ba ta taɓa shiga aji ba, idan ka miƙa mata fensir sai jikinta ya yi sanyi ta ce ita ba ta iya ba, amma idan ka miƙa mata kaba ita ce malama. Ɗanta kuma ya gan ta a matsayin wadda ta iya wani abu, bayan ya daɗe yana ganin ta a layi da kwano.

Iyaye maza ma kada a manta da su, ko da yake na san jawo su zai fi wuya. Magidancin da a da yake da rumbu cike da hatsi, yau ga shi zaune a gindin bishiya yana jiran a kira lambar katinsa, kunyar 'ya'yansa yake ji, shi ya sa yake gudun gida. In aka kira shi zaman zane zai ce wasan yara ne. Amma a ce masa ya zo ya koya wa ɗansa yadda ake ƙera keji ko motar kara, a gani in bai zo ba.

Wani zai ce haɗa iyali cikin jinya sabon abu ne a ƙasar nan. Ba haka ba ne. A shekarar 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara shirinsa na ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauye maimakon a kulle su, kuma sharaɗinsa shi ne kowane majinyaci ya zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa ko inna, su zauna tare. Duniya ta yaba wa wannan tsari. A wannan gari na Abekuta dai, a farkon shekarun 1950, Ulli Beier ya riƙa kai wa majinyatan Lantoro takarda da fenti, suka fitar da zane-zanen da daga baya aka baje kolinsu. Ashe abubuwan biyu, wato iyali da zane, duk mun taɓa gwada su a gari ɗaya, haɗa su ne kawai ba mu yi ba.

Na san akwai masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Na farko zai ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, wanda bai karya kumallo ba ina shi ina zane? Wannan gaskiya ne, kuma duk shirin da ya tara mayunwata ya ba su launi ba abinci, cin fuska ne. Sai dai masu kula da yara masu tamowa sun daɗe da sanin cewa abinci kaɗai bai wadatar ba, shi ya sa ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na jinyar tamowa mai tsanani suka haɗa da wasa da yaro da jan hankalinsa, tare da sa uwa a ciki. Uwar da zuciyarta ta mutu, ko an ba ta abincin ba lallai ta iya lallashin yaro ya ci ba. Don haka wurin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne cibiyoyin tamowa da wuraren awo da rigakafi, inda dama iyaye mata kan shafe sa'o'i a kan benci suna jira.

Na biyu zai kawo maganar addini, cewa zana abu mai rai akwai hani a kansa. Wannan mas'ala ce ta malamai, kuma sun yi bayani mai faɗi a kanta, har da sassaucin da da yawansu suka yi game da 'yar tsanar yara bisa abin da aka ruwaito na Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Abin da zan ce kawai shi ne jinyar ba ta dogara ga zanen mutum ko dabba ba. Gida, bishiya, rijiya, gona, hanyar kasuwa, duk sun isa yaro ya ba da labarin garinsu da ya baro. Al'ummar da ta ƙware a zayyanar allo, da dagi, da adon bango irin na Zariya da Kano, ba za ta rasa abin zanawa ba. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai tambayi iyaye abin da suka yarda da shi tun kafin a fara.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta uku, kuma ni ma ina cikin masu yin ta. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A Ingila ba ka da ikon kiran kanka mai jinya ta hanyar zane sai kana da digiri na biyu da rajistar hukuma, amma a nan mutum zai halarci bitar kwana uku a otel ya fito yana fassara zanen yara kamar mai duba, ya ce ja jini ne, baƙi mutuwa ce, alhali wataƙila fensirin da ya rage ke nan a gwangwani. Wani kuma zai ce wa yara su zana ranar da aka kawo hari, su tono abin da ke binne, ƙararrawa ta kaɗa ya tattara kayansa ya bar su da mafarkin tsoro. Mafi muni shi ne a ɗauki zanen yaron a buga a takardar neman tallafi ba tare da an tambaye shi ko uwarsa ba. Sannan akwai gidajen da uba ko uwa su ne ke azabtar da yaron, waɗannan ba a fara haɗa su a tabarma ɗaya sai an tabbatar da tsaron yaron tukuna. Duk wannan yana buƙatar horo na gaske da kuma wani babba da ke duba aikin.

Daga ina masu horon za su fito? Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha kokawa cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma asibitocin tarayya na wannan fanni, irin su Yaba da Aro da Kaduna da Maiduguri da Kware, sun yi wa mai zama a tanti nisa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta yi maganar kai wannan kulawa cikin al'umma, amma doka ba ta zama a kan tabarma. Jami'o'i ne ya kamata su cike wannan gurbi. Kusan kowace babbar jami'a tana da sashen zane-zane, tana da sashen nazarin halayyar ɗan Adam ko na aikin jin daɗin jama'a, amma kowa yana harkarsa kamar ba a harabar makaranta ɗaya suke ba. A haɗa su su fito da difloma ta shekara ɗaya ga ma'aikatan jinya da malaman firamare da ma'aikatan lafiya na karkara. Kuma dole a sa masu nazarin harshe da al'ada a ciki, domin wanda bai san dalilin da ya sa mace ke kiran ɗanta "wannan yaron" ba, zai rubuta a takardarsa cewa ba ta son sa. Gwajin farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: cibiyar lafiya ɗaya a unguwar Sabo, iyaye mata takwas da 'ya'yansu, rana ɗaya a mako har wata uku, da tabarma mai faɗin da za ta ɗauke su duka.